Kundin da ke kwana a kanta

Makon jiya wani ƙanena a aiki ya kira ni daga Gombe, wajen sha ɗayan dare. "Yaya, don Allah duba mini kundina, kuɗin buga takardun tambayoyi ma sai da na ci bashi." Na yi dariya, don ni ma ta nan na bi kafin in taho Ingila.

A gida, duk mai son zama ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, ko ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, sai ya rubuta kundin bincike kafin jarrabawar ƙarshe. Dole ce. Amma da aljihunsa zai yi, a tsakanin kwanan asibiti da layin marasa lafiya. In ya ci, a ɗaure kundin da bango mai kauri, a ɗora a kanta, ƙura ta gaje shi.

Nan kuwa shekara uku ne na tushe, uku na ƙwarewa, kuma ba wanda zai tsare ka da kundi. Wanda ransa ke son bincike akwai masa gurbi na musamman a ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta NIHR da aka kafa a 2006: kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa na bincike ne, albashinsa na tafiya. Wannan kam na yi musu hassada, ba ɓoyo.

Sai dai ban yarda mu kwafo tambayoyinsu ba. Mara lafiya a nan yakan shigo shi kaɗai, riƙe da wasiƙar likitan unguwa. Namu na Gombe da mutum biyar zai zo, an riga an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi turare, wataƙila har da tabon mari a idon sawu. Kawu ne zai yi bayani, inna ce za ta riƙe maganin. Wata nawa ake yi ana zagaye kafin a iso asibiti? Me malamin da ya fara ganinsa ya ce? Har kalmar "damuwa" da muke sakawa a takardun tambayoyi, tsohuwar da ta zo daga Dukku ba abin da muke nufi take ji ba. Ita "zuciyata ta ɓaci" za ta ce, ko jiki ya mutu.

Kuma ba sabon abu nake kawowa ba. Tun 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya wanda a Landan ya ƙware, ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta, ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta kori tsohuwar ta 1958, amma doka ba ta biyan kuɗin bincike.

Na ce wa ƙanen nawa ya bar bincike a kan ɗaliban jami'a da kowa ke aunawa, ya je ya zauna da masu ruƙiyya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, kuɗin mai fa?"