Tengku Razaleigh: wanda ya gina Petronas, mulki ya kuɓuce masa da ƙuri'u 43

Da wuya a yi muhawara kan yadda Najeriya ke tafiyar da arzikin man fetur a tashi ba a ambaci Petronas ba. Masu sharhi sukan ce ga kamfanin man Malesiya da aka kafa a 1974, kusan sa'an NNPC da ya zo a 1977, amma shi ya gina tagwayen benaye masu tsawon mita 452 a Kuala Lumpur, ya je ya haƙi mai a Sudan da Chadi, mu kuwa matatunmu sun yi shekaru a kwance. Maganar gaskiya ce, sai dai a nan take tsayawa. Ba a cika zuwa kan mutumin da ya tsara kamfanin ba, balle dokar da ta haife shi da abin da ta jawo wa ƙasar daga baya. Mutumin shi ne Tengku Razaleigh Hamzah, wanda 'yan ƙasarsa ke kira Ku Li. A can gida an fi tuna shi da kujerar Firaminista da ya yi ta nema bai samu ba, amma a ganina dokar man fetur ta 1974 ce ma'aunin da ya dace a auna shi da shi, da alherinta da kuma illarta.

An haife shi a 1937 a jihar Kelantan da ke arewa maso gabashin Malesiya ta Yamma, cikin gidan sarauta, mahaifinsa kuma ya taɓa riƙe muƙamin babban ministan jihar. Ya karanta tattalin arziki a Belfast, ya fara karatun lauya a Landan, rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi gida a 1962, inda ya shiga UMNO, jam'iyyar 'yan ƙabilar Malay da ke jagorantar gwamnati a lokacin. Ƙasar da ya tarar tana da 'yanci tun 1957, amma gonakin roba da ma'adinan kuza da manyan bankuna suna hannun kamfanonin Ingila, kasuwancin cikin gida kuma mafi yawansa a hannun 'yan asalin Sin yake. Malay, waɗanda su ne mafiya yawa, manoman shinkafa ne da masunta da ma'aikatan gwamnati, kuma a 1970 kasonsu a hannayen jarin kamfanoni bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Wannan giɓi yana cikin abubuwan da suka rura rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 a Kuala Lumpur, wanda bayansa gwamnatin Firaminista Tun Abdul Razak ta fito da sabon tsarin tattalin arziki a 1971, da burin kai kason Malay da sauran 'yan asalin ƙasar zuwa kashi 30 cikin ɗari kafin 1990.

Razak yana buƙatar mutanen da suka san lissafi kuma suka iya zama da Turawa a teburin ciniki ba tare da jin ƙasƙanci ba, kuma ya samu hakan a wannan matashin ɗan sarauta. Razaleigh ya yi aiki a shugabancin Bank Bumiputra da aka kafa a 1965, ya jagoranci kamfanin gwamnati na Pernas, sannan aka damƙa masa aikin da ya fi kowanne nauyi, wato ƙwato man fetur daga hannun Shell da Esso. Dabarar da aka bi wajen kuza da gonaki ita ce sayen hannayen jari a kasuwa da kuɗi, ba ƙwace da ƙarfin soja ba. Ta haka kamfanin London Tin da Sime Darby suka dawo hannun 'yan ƙasa, daga baya kuma, a 1981, lokacin yana ministan kuɗi, hukumar zuba jari ta PNB ta saye kamfanin Guthrie a kasuwar hannayen jarin Landan cikin sa'o'i kaɗan na safiya guda. Man fetur kuwa doka aka yi masa.

Dokar ta 1974 ta yi abubuwa uku da suka cancanci a tsaya a kansu. Ta mallaka wa Petronas dukkan man da ke ƙarƙashin ƙasa da teku, ba wa wata ma'aikatar gwamnati ko hukuma ba. Ta bar shi ya yi rajista a matsayin kamfani mai neman riba, yana ɗaukar ma'aikata yana riƙe kuɗinsa kamar kowane kamfani, abin da Najeriya ba ta yi wa NNPC ba sai bayan dokar man fetur ta 2021. Sannan ta sa shi ƙarƙashin Firaminista kai tsaye, babu minista a tsakani, babu kuma wajibcin kai cikakken lissafinsa gaban majalisa. Da wannan ƙarfi Razaleigh ya tunkari kamfanonin waje ya ce zamanin ba su fili su haƙa su biya haraji ya wuce, daga yanzu 'yan kwangila ne da za a raba ɗanyen man da su, irin tsarin da Indonesiya ta riga ta fara. Cinikin ya yi zafi, har wani gyara da aka yi wa dokar a 1975 ya tsorata masu zuba jari aka janye shi, amma a ƙarshen 1976 kamfanonin sun sa hannu. Wanda duk ya san yadda manyan kamfanonin mai ke juya gwamnatocin ƙasashe masu tasowa a wancan zamani zai gane cewa wannan ba ƙaramar nasara ba ce ga mutumin da bai kai shekara 40 ba.

Akwai kuma ɓangaren jihohi, wanda shi ne ya fi kama da abin da muka sani a nan. Domin man ya zama na Petronas, sai da kowace jiha ta sa hannu ta sallama haƙƙinta, a madadin kashi 5 cikin ɗari na darajar man da aka haƙo a yankinta. Jihohin Sabah da Sarawak da ke tsibirin Borneo, inda man yake da yawa, ba su karɓi wannan da daɗin rai ba. Ranar 6 ga Yuni 1976 wani ƙaramin jirgin sama da ya taso daga tsibirin Labuan ya faɗi dab da sauka a Kota Kinabalu, babban birnin Sabah, ya hallaka babban ministan Sabah, Fuad Stephens, da wasu manyan jami'an gwamnatinsa. Razaleigh da kansa ya ba da labarin cewa ya riga ya zauna a cikin jirgin, aka gayyace shi wata ziyara ta daban ya sauka. Bayan kwanaki kaɗan sabon babban minista, Harris Salleh, ya sa hannu a yarjejeniyar. Rahoton binciken da gwamnati ta fitar a 2023, bayan shekaru 47 a ɓoye, bai nuna hannun kowa a hatsarin ba, kuma babu dalilin jingina wa Razaleigh komai. Amma tsawon ɓoyewar kaɗai ya isa ya sa mutanen Sabah suka daɗe suna kallon yarjejeniyar da zargi.

Daga 1976 zuwa 1984 Razaleigh ne ministan kuɗi, kuma a zamaninsa aka buɗe Bank Islam a 1983. A zamanin nasa ne kuma aka yi badaƙalar da ya kamata masoyansa su daina tsallakewa. Wani reshen Bank Bumiputra da ke Hong Kong ya ba kamfanin Carrian da wasu 'yan kasuwar gidaje bashin da ya kai kusan ringgit (kuɗin Malesiya) biliyan biyu da rabi, kuɗin suka nutse, aka kuma kashe Jalil Ibrahim, jami'in binciken kuɗi da aka tura can, a 1983. Ba a taɓa gurfanar da Razaleigh a kan lamarin ba, amma bankin na gwamnati ne kuma shi ne ministan kuɗi, saboda haka ba za a ce ba ruwansa da alhakin sa ido ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne wanda ya biya: a 1984 aka sa Petronas ya sayi bankin ya cike ramin. Tun daga nan aka ga amfanin da mai mulki zai iya yi da kamfanin da ba ya amsa tambayar kowa sai tasa.

Hanyar Razaleigh ta zuwa kujerar ƙoli ta fara karkacewa tun 1976. Da Razak ya rasu a Landan a watan Janairu, Hussein Onn ya gaje shi, ya duba mataimakan shugaban jam'iyya uku, Ghafar Baba da Razaleigh da Mahathir Mohamad, ya ɗauki Mahathir a matsayin mataimakin Firaminista, wanda ya fi sauran ƙarancin ƙuri'u a zaɓen jam'iyya na 1975. Razaleigh ya nemi kujerar mataimakin shugaban jam'iyya a 1981 da 1984, Musa Hitam ya kayar da shi duka biyun, aka kuma mayar da shi ma'aikatar ciniki da masana'antu. A watan Afrilun 1987 ya haɗa kai da Musa, tsohon abokin hamayyarsa, ya ƙalubalanci Mahathir, wanda ya zama Firaminista tun 1981, kai tsaye a zaɓen shugaban jam'iyya. Sakamakon ya fito 761 da 718. Da wakilai 22 kacal sun sauya ra'ayi, da tarihin Malesiya na shekaru 16 da suka biyo baya ya zama wani abu daban.

Abin da ya biyo bayan waɗannan ƙuri'u 43 ya fi zaɓen kansa muhimmanci. Magoya bayansa sun garzaya kotu suna cewa wasu rassan jam'iyyar da ba su da rajista sun tura wakilai, a watan Fabrairun 1988 kuma alƙali ya yanke cewa bisa doka UMNO ɗungurungum haramtacciya ce. Mahathir ya yi sauri ya yi rajistar sabuwar UMNO ya bar abokan hamayyarsa a waje. Da alƙalin alƙalan ƙasar, Salleh Abas, ya shirya zaman alƙalai tara don sauraron ɗaukaka ƙara, aka dakatar da shi, aka tsige shi, aka kori wasu alƙalai biyu na kotun ƙoli, an kuma riga an gyara tsarin mulki an rage wa kotuna iko. Laifin wannan yana kan wanda ya aikata, ba kan wanda ya kai ƙara ba. Duk da haka ina ganin ɓangaren Razaleigh ya yi kuskuren lissafi, domin ya ɗauka cewa rikicin jam'iyya mai mulki abu ne da kotu za ta iya rabawa ta kwana lafiya, a ƙasar da Firaminista ke riƙe da kashi biyu bisa uku na majalisa.

Razaleigh ya kafa jam'iyyar Semangat 46, ya yi abin da ba a taɓa yi ba a lokacin, wato ƙulla ƙawance da jam'iyyar Musulunci ta PAS a gefe guda da jam'iyyar DAP mai rinjayen 'yan asalin Sin a ɗaya gefen. Ana saura kwanaki a yi zaɓen 1990, kafofin yaɗa labarai masu goyon bayan gwamnati suka yi ta nuna hotonsa sanye da hular gargajiyar ƙabilar Kadazan da aka naɗa masa a Sabah, ana cewa zanen da ke jikinta gicciye ne. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a fassara masa yadda irin wannan hoto ke aiki a ƙauyukan Musulmi ana dab da jefa ƙuri'a. Jam'iyyarsa ta tashi da kujeru takwas a majalisar tarayya, ribar ƙawancen kuma PAS ce ta kwashe, domin Nik Aziz ya zama babban ministan Kelantan. A 1996 Razaleigh ya rushe jam'iyyar ya koma UMNO. Wannan komawa ita ce raunin da ban ga yadda za a kare shi ba: mutumin da ya fara nuna cewa 'yan adawa na ƙabilu daban-daban za su iya tsayawa tare, shi ne ya bar aikin a tsakiya, sai da Anwar Ibrahim da wasu suka ɗora daga inda ya ajiye har gwamnatin UMNO ta faɗi a 2018. Shi kuwa ya ci gaba da neman shugabancin jam'iyyar, a 2004 reshensa na Gua Musang kaɗai ya tsayar da shi, a 2018 kuma ya sha kaye a hannun Ahmad Zahid Hamidi.

A cikin waɗannan shekaru ne dokar da ya tsara ta nuna ɗaya fuskarta. Kuɗin Petronas sun shiga ginin sabon birnin gwamnati na Putrajaya, sun sake ceto Bank Bumiputra a 1989, a 1998 kuma kamfanin jiragen ruwa da ke ƙarƙashinsa ya sayi kadarorin wani kamfanin ɗan Mahathir da bashi ya yi wa katutu. Da PAS ta ci jihar Terengganu a 1999, gwamnatin tarayya ta daina biyan jihar kasonta na mai kai tsaye, ta mayar da shi abin da ta kira kuɗin ihsani, tana rabawa ta hannun hukumominta. Kelantan ma, jihar Razaleigh, an hana ta kason bisa hujjar cewa rijiyoyin suna can cikin teku nesa da iyakarta. Razaleigh, yana ɗan UMNO, ya fito fili ya ce shi ya tsara yarjejeniyar kuma Kelantan tana da haƙƙin kashi 5 ɗin, lamarin da ya ɓata wa jam'iyyarsa rai, jihar kuma ta kai Petronas kotu a 2010. Ya cancanci yabo a kan wannan tsayuwa, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dokar da ta miƙa mabuɗin taskar ga mutum ɗaya an rubuta ta ne lokacin da mutumin Razak ne, kuma masu rubutawar suna zaton su ne magadansa.

Saboda haka idan za a kawo misalin Petronas a Abuja, ya kamata a kawo shi gaba ɗaya. Abin da ya sa kamfanin ya tsaya da ƙafarsa shi ne an bar ƙwararru sun tafiyar da shi, an bar shi ya riƙe ribarsa ya sake zubawa a aiki, kuma shugabannin da suka yi ta ɗiba daga cikinsa ba su kai ga karya shi ba. Na farko da na biyu doka ce ta tanada, na ukun kuwa hali ne na mutane, wanda babu dokar da ta lamunce. Ta fuskar jihohi ma, kashi 13 cikin ɗari da tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ware wa jihohin da ke da mai yana rubuce a inda shugaba ba zai iya mayar da shi kyauta ba don jihar ta zaɓi 'yan adawa, abin da Terengganu ba ta samu ba.

Razaleigh ya wakilci mazaɓarsa a majalisar tarayya daga 1974 har zuwa 2022, lokacin da wani ɗan takarar ƙawancen Perikatan Nasional ya kayar da shi da ratar da ba ta kai ƙuri'u 200 ba, yana da shekara 85. Dokar tasa kuwa har yanzu ana fafatawa a kanta. Sarawak ta kafa nata kamfanin mai, Petros, a 2017, ta ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari a kan albarkatun mai, Petronas ya ƙi biya, kotu ta goyi bayan jihar, a 2020 ya biya kusan ringgit biliyan uku. Jihar ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da neman iko a kan rarraba iskar gas ɗin da ke fitowa daga yankinta, tana kafa hujja da dokokinta da suka girmi ta 1974.