Kwamfuta cikin kwali ba ta koya wa yaro komai

Hotunan nan da kuke ta yaɗawa tun jiya na ciyaman ɗin ƙaramar hukumarmu ya kai kwamfutoci sakandaren garinmu, kuna ta sambarka kuna Allah ƙara girma, ni wallahi raina ne ya ɓaci. Yau da safe na biya makarantar wurin ƙanena da ke koyarwa can, kwamfutocin na nan jibge ofishin firinsifal cikin kwalayensu, ko ledar ba a ɓare ba. Kuma ba laifin firinsifal ɗin ba ne, ina zai jona su? Makarantar da ba wuta, ba sola, ba janareto, ba ko malami ɗaya da anka ɗauka don wannan darasi. Waccan da anka kawo shekarun baya ma tana sito ƙura ta cinye ta, ɓeraye sun gama da wayoyin.

Wuta da malami. Su ne maganar. In ba wuta ba malami to ba kwamfuta kunka kawo ba, kayan ɗaukar hoto kunka kawo.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da ɗalibai masu zaman kansu a 2024, amma har gobe yaronmu na ƙauye ranar da zai fara ɗora hannu kan maus ita ce ranar jarrabawa. Ɗiyar yayata bara haka ta sha mota tun asuba zuwa Birnin Kebbi, yarinya mai ƙoƙari ta san amsa, ta zauna tana rawar hannu tana neman inda za ta danna lokaci na tafiya, ta dawo gida tana kuka tana cewa kawu ni ban iya abin ba. Wa zai gaya mata ba ita ta faɗi ba?

Na san masu cewa ai sakandare ta gwamnatin jiha ce, ƙaramar hukuma firamare ce tata. To mun ji. Amma da za a ɗauki hoto ba ku tuna ta jiha ce ba, sai da anka zo batun sola da batir? Yaran nan dai ɗiyan waɗanda sunka yi layi cikin rana sunka zaɓe ku ne. Masu cewa ba kuɗɗi kuma su bari, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tun 11 ga Yulin 2024 cewa kason ƙananan hukumomi ya je hannunsu kai tsaye, in bai iso ba ku fito ku faɗa mu taya ku magana, in ya iso ku nuna muna inda ya shiga. Ƙananan hukumomi 21 gare mu a Kebbi, kowace ta ɗauki sakandare ɗaya tak ta gyara ɗaki guda, ta sa sola da inbata da fanka, ta sa ƙofar ƙarfe, ta ɗauki matashi ɗaya cikin masu digirin kwamfuta da ke zaune gida ta rinƙa biyansa duk wata ba fashi. Wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma? Kwamfuta biyar masu aiki da malami a kansu sun fi hamsin cikin kwali.

Batun tsaro ma kar wanda ya kawo min shi nan, na san halin da ake ciki, amma ba shi ya hana a sa sola a makarantar da ke tsakiyar gari ba.

Ranka ya daɗe ciyaman, ba ƙiyayya ce ba, don Allah ka koma makarantar nan ba da masu kyamara ba, ka zauna da malaman ka tambaye su mi suke buƙata. Gwamnan jihar nan kansa malami ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ban ga dalilin da za a kai mishi wannan buƙata ya ƙi saurare ba.

Abin da ke ƙara ba ni takaici, ku je kasuwar Jega ku ga yaran da ke gyaran waya, wasunsu ko aji uku ba su gama ba amma su buɗe waya su canza mata sikirin su sa mata manhaja kana tsaye. Jiya ma wani ɗan ƙarami ya gyara min tawa da ta faɗa ruwa, ya ce in daina sa ta cikin shinkafa.