An mayar da Alhajinmu daga bakin ƙofar Faransa

Makon jiya aka mayar da wani dattijo ɗan kasuwar Maradi daga filin jirgi a nan Faransa, alhali bizarsa lafiya lau take cikin fasfo. Ɗan ƙanensa da ke aiki nan Liyon ya kira mu, ƴan Nijar ɗin da ke kusa, muka je tarbo. Fasinjoji suka yi ta fitowa ta ƙofar gilashin nan mai buɗe kanta, har aka share sunan jirgin daga allo, Alhaji bai fito ba. Sai can da dare ya samu waya. Ƴan sandan iyaka sun tambaye shi abu huɗu: inda zai kwana, tikitin komawa, inshorar lafiya, da kuɗin da zai ci. Takardar otal ɗin da ɗan kamasho ya haɗa masa a gida, ashe an soke ta tun da biza ta fito. Suka buga wa otal ɗin waya, aka ce ba a san da zuwansa ba. Kuɗin hannunsa kuma bai kai ba. Ya ce ɗansa na waje yana jiransa, suka ce ina takardar da ta nuna haka. A ɗakin tsare baƙi ya kwana, aka sa shi jirgin komawa. Mutum ne mai ciyar da gidaje, ya je Makka, ya je Dubai ba sau ɗaya ba. Abin yana cina har yau.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta ɓata wa wasu rai: yadda muke shirya tafiya ne ya kayar da shi. Biza bakin ƙofa take kai mutum, ɗan sandan iyaka kuma yana da ikon sake neman duk abin da aka nuna a ofishin jakadanci. Faransa ta yanka adadi a fili. Mai takardar masauki daga wani mazaunin ƙasar zai nuna yuro 32.50 na kowace rana, mai takardar otal yuro 65, wanda ba shi da ko ɗaya yuro 120. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. To lissafa kwana goma: kusan jaka 213 idan a gidan ɗan uwa za ka sauka, jaka 426 idan otal ne, jaka 787 idan ba ka da komai. Da aka soke otal ɗin Alhaji, sai ya faɗa aji na uku bai sani ba. Inshorar ma dole ta kai yuro 30,000, ta rufe ƙasashen Shengen duka, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, da kowace rana ta zaman. Fasfo ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar fita, da shafi biyu marasa hatimi. Kuɗin bizar kanta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wajen jaka 59, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Wanda ya ce ka kawo miliyan biyu ya "fito maka da ita", tambaye shi ragowar ina za ta. Zanen yatsunka suna ajiye a na'urarsu shekara biyar. Idan aka kama takardar bogi, sunanka ne zai ɓaci, shi ɗan kamasho yana rumfarsa yana shan shayi.

Da ma a ce mutanenmu sun ga tashar motocin Perrache a nan Liyon ranar Juma'a da dare, yadda na san ta a lokacin. Tana ƙarƙashin wani tsohon gini na siminti, iska mai sanyi tana kaɗawa, fitilu ruwan ɗorawa, allo yana nuna Milan, Barsalona, Jeneba, Paris. Korayen motocin FlixBus suna shigowa, kowace ta tsaya a lambarta. Ba ɗan kamasho, ba mai kiran fasinja, ba ciniki. Direba yana tsaye da waya yana haska tikitin kowa, yana duba katin shaida. Yara ƴan jami'a, maza da mata, kowa da jaka ɗaya a baya, burodi da cuku a naɗe cikin takarda, da gorar ruwan da za su sake cikawa a famfo. Dattijuwa mai furfura tana jan ƴar akwati, iyayen wasu yaran kuwa suna da gida da mota. Ba wanda ke jin kunyar motar dare, don ta rage masa kuɗin kwanan otal guda. Idan sun isa, gidan kwanan matasa suke sauka, ɗaki mai gado shida ko takwas, wani bisa wani, kowa da akwatin ƙarfe da kwaɗonsa, ga madafa ta kowa da kowa inda za ka dafa taliyar da ka sayo a kanti. Wasu kuma BlaBlaCar suke bi: mai mota da zai je Marsai ya sa kujerunsa uku a intanet, a raba kuɗin mai da na hanya.

Sirrin arahar tasu lokaci ne. Jirgin ƙasa mai gudu daga Liyon zuwa Paris awa biyu yake yi. Wanda ya sayi tikitin Ouigo, jirgin ƙasa mai araha, tun da wata biyu kan same shi ƙasa da yuro 30, wanda ya zo tasha ranar tafiya yana iya biyan fiye da 90 a kan hanya ɗaya. Haka jirgin sama yake. Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba wuta ne, Fabrairu da Maris da Nuwamba sun fi sauƙi. Mu kuwa sai tafiya ta rage kwana huɗu a aika yaro da kuɗi wurin mai sayar da tikiti, duk abin da ya faɗa a biya. Ba na cewa tasu ba ta da tarko. Kamfanonin jirgi masu araha irin Ryanair ƴar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kawai suke ɗauka kyauta, akwati sai an biya, kuma idan sai a bakin jirgi aka gano, kuɗin yana iya fin na tikitin. A taragon cikin gari, tikitin da ba a buga a na'ura ba daidai yake da babu, tara ce nan take. Amma duk waɗannan a rubuce suke, mai karantawa ba ya faɗawa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Bature ya fi mu sanin tafiya. Wa zai koya wa Bamarade hanya? Jikokin fatake ne mu, kakanninmu sun kai Gwanja sayen goro da jakai, yau kuma akwai alhazan da ba su yi lakwal ba amma sun san Guwanzu da Santambul kamar Mokoyo da Bagalam. Sai dai tafiyarmu a kan mutum aka gina ta, "je ka wurin wane, ka ce ni na aiko ka", wannan ƙofar kuwa takarda kaɗai take ji.

Ga mai tashi daga Maradi, lissafi yana farawa tun daga tasha. Yamai na da nisan kusan kilomita 660, wuni guda a kar, sai kwana ɗaya ko biyu kafin jirgi. Air France ta daina sauka Yamai tun Agustan 2023, don haka hanyar Turai ta koma ta Kazabalanka, Santambul, Aljas ko Adis Ababa. Kano ba ta kai rabin nisan Yamai ba, kuma jiragen Habasha da Masar suna tashi daga can, saboda haka a gwada farashin wuraren biyu kafin a biya. Wanda ya zaɓi Kano ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da rana, kuma ya tsaya a buga masa hatimin fita da na shiga a fasfo. Da yawa sun saba wucewa ba hatimi don zuwa kasuwar Katsina, amma a filin jirgin Kano za a tambayi ta inda ka shigo. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce a ci gaba da shige da fice ba biza har sai ta sake sanarwa, don haka a riƙa bin labari. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Mai neman bizarta ya fara da shafin France-Visas ya ga inda ake karɓar takardunsa, ya sa kuɗin wannan tafiyar ma cikin lissafi. Ana iya ajiye takardu tun wata shida kafin tafiya. Kuma ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa biza, karɓar ta wata ƙasa don "ta fi sauƙi" yana cikin abin da ke sa a mayar da mutum.

Tikiti kuma a saye shi guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Idan ka raba biyu don ragin jaka talatin, jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa da kai, sabo za ka saya. Idan ka ƙi hawa zangon farko na tikiti, kamfani kan soke sauran duka har da na komawa. A dawowa kuwa, jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar Turai ya makarar da kai fiye da awa uku bisa laifin kamfani, doka ta ba ka diyya, tana kaiwa yuro 600 a doguwar tafiya. Ƴan uwanmu nawa suka taɓa nema?

Sai batun saƙo. Kowa ya san yadda ake cika gidan matafiyi daren tafiya. Nama da duk abin da aka yi da madara haramun ne shigo da su Tarayyar Turai a kayan fasinja, ke nan kilishi, dambun nama, cuku da man shanu duwan za su karɓe su zuba a shara, wataƙila da tara. Ƙunshin da ba ka kwance ka gani da idonka ba, kada ka ɗauka ko na wane ne. Magani ya zo da takardar likita. Kuɗi daga yuro 10,000, wajen sefa miliyan shida da rabi, sai an bayyana su ga duwan. Kwanakin da aka rubuta a biza kuma a cika su a koma. Wanda ya maƙale ya rufe wa ƙanensa ƙofa, ya ja wa mai masaukinsa tambaya.

Masu cewa hanyar hamada ta fi araha su tuna mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara. Su tuna waɗanda ake korowa daga Aljeriya, a sauke su da dare su taka kilomita 15 a yashi kafin Asamaka, garin bakin iyakar Nijar.

Abin da ya fi ci mini rai dai shi ne, Alhaji yana da ɗaki yana jiransa. Ɗan ƙanen nasa ya sayi sabon bargo, matarsa ta yi miyar kuka. Abin da ya rasa takardar masauki ce, wadda ɗan kamasho ya ce ɓata lokaci ce. Yadda ake yin ta: mai gida zai je ma'aikatar magajin garin unguwarsa da katin zamansa, takardar hayar gida, takardar kuɗin wuta, takardun albashi, lambar fasfon baƙo da ranakun zuwa da komawa, ya sayi tambarin haraji na yuro 30. Zai sa hannu cewa shi zai ɗauki nauyin baƙon idan kuɗinsa ya ƙare. Suna duba faɗin gidan da yawan masu kwana a ciki, suna ma iya aiko mutum ya zo ya gani. Idan ta fito, ainihin takardar za a aika gida, hoton WhatsApp ba ya aiki. A ba ta wata biyu kafin ranar ajiye takardun biza.

Na san amfaninta, na kuma ce a yi ta. Amma duk lokacin da na ga ɗayanmu a layin ma'aikatar nan da takardu a hannu, yana neman izinin saukar da baffansa, zauren gidanmu nake tunawa. Baƙo ya sauka daga motar Dakwaro ko ta Tasawa da magariba, ba wanda ya san da zuwansa, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da fura kafin a tambayi sunansa. Ya yi kwana uku ko wata uku, ba mai auna ɗaki. A nan maƙwabcinka na shekara biyar, ƙofa da ƙofa, sai ka kira shi a waya kafin ka ƙwanƙwasa. Ƴaƴanmu da aka haifa a Liyon sun iya sayen tikitin Barsalona a waya cikin minti biyu, amma idan baƙo ya yi sallama ba su san a tashi a karɓi jakarsa ba, wasu ko amsa sallamar sai an tuna musu. Daren nan da muka dawo daga filin jirgi muka tarar an jera kwanoni a kan leda a tsakar ɗaki, tuwon ya huce. Ƙaramar ƴar gidan, wadda aka kwana biyu ana koya mata yadda za ta durƙusa ta ce "Baba, sannu da zuwa", ta yi barci a kan kujera da sabon ɗankwalinta.