Su sun tone gwalalonsu, mu muna cike namu

Ranar Asabar da ta wuce wani abokin aikina, dattijo ɗan asalin nan Utrecht a ƙasar Holan, ya gayyace ni yawo a kwalekwale. Mun zo daf da tashar jirgin ƙasa sai ya dakata da tuƙi, ya ciro waya ya nuna mini wani tsohon hoto: titi ne shimfiɗeɗe, motoci jere. Ya ce, "Nan ne inda muke ɗin nan." Daga nan ya tambaye ni ko garinmu ma akwai ruwan da ya kewaye shi. Da alfahari na ce masa Katsina birni ce mai ganuwa, bayan ganuwar kuma akwai gwalalo. Ya ce in nuna masa. Na yi ta lalube a waya, abin da na samu kawai hoton ƙofa ne, ita ma ginin siminti. Har yau abin na cina.

Wannan ruwa da suke kira singel, asalinsa gwalalo ne irin namu. An haƙa shi bayan garin ya zama birni a 1122, kewayensa kusan kilomita 6. A farkon shekarun 1970, lokacin da mota ta shiga ran kowa, suka cike wani ɓangarensa suka shimfiɗa kwalta. Da suka ga ba su ci riba ba, a 2002 aka kaɗa ƙuri'a, jama'a suka zaɓi tsarin da zai dawo da ruwan. Aka fasa titin, aka sake haƙa, a watan Satumba na 2020 ruwan ya sake haɗewa. Har ta ƙarƙashin katafaren kantin da ke jikin tashar jirgi yake ratsawa.

Sai ka zo da la'asar ka gani. Inda ganuwarsu take a da yanzu itatuwa ne da ciyawa, tsofaffi a kan benci, ɗalibai sun baje littattafai, mata na tura jarirai, ga masu gudu, ga agwagi. A tsakiyar gari kuma, a tsohuwar hanyar ruwan da suke kira Oudegracht, sai ka sauka matakala zuwa wani daɓe da ke daidai bakin ruwa, tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa sun koma wuraren shan shayi da cin abinci. Duk shekara ana tseren kilomita 10 da aka raɗa wa sunan ruwan. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙararrawar kifi: tun 2021, idan lokacin hayayyafar kifi ya zo, akwai kyamara a ƙarƙashin ruwa a wata ƙofar ruwa da ake kira Weerdsluis. Duk wanda ya ga kifi ya taru ta intanet sai ya danna, a sanar da mai gadi ya buɗe masu su wuce. Maƙwabciyata, tsohuwa ce mai zaman kaɗaici, ta ce mini ba don zagayen da take yi a bakin ruwan nan ba, da sai ta kwana biyu ba ta yi magana da kowa ba.

Na san abin da za a ce mini. Su ruwa ya yi masu yawa, mu damina wata huɗu ce. Ruwan da ya kwanta a wurinmu sauro ne, ga yara da ke faɗawa. Gaskiya ne. Kuma mu ba ma buƙatar a gina mana wuri kafin mu gaisa da juna, muna da majalisa a kowace ƙofar gida. Wallahi duk bukukuwan da na gani a nan babu wanda ya kama ƙafar hawan Sallah a filin Kangiwa na ƙofar gidan Sarkin Katsina.

Amma kududdufan da iyayenmu suka bari ba banza suke ba. Daga cikinsu aka ɗebi ƙasar da aka gina gari, su ne kuma ke shanye ruwan sama. Mun cike su da shara, an yanka filaye an sayar, yanzu ruwan awa ɗaya sai ya shigo har ɗaki. Dubi rafin Ginzo a Katsina, daga wajen Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Durɓi har Ƙofar Sauri: ruwan kwata da leda yake ɗauke da su, da shi kuma 'yan lambu ke shayar da latas da kabejin da muke ci. Me zai hana a tsabtace shi, a dasa bedi a gefensa, a bar hanyar ƙafa da wurin zama? Ba sai an sa kwalekwale ba.

A unguwarmu akwai kududdufi, a bakinsa akwai wani ƙaton bedi. Nan mahaifina da abokansa ke shimfiɗa tabarma daga la'asar zuwa magariba, iska mai sanyi na tasowa daga ruwan, mu kuma muna kamun tarwaɗa da ƙugiya. Zuwana na ƙarshe na tarar da shaguna a wurin, an sare itacen. Ran Lahadi na kira Baba na tambaye shi ina suke zama yanzu. Ya ce shi dai yana zaure da rediyonsa, sauran kuma sai an haɗu a masallaci ko wurin jana'iza.