Mai girin kad har yanzu baƙo ne a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka, musamman mu na Bronx da kewaye. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, wani dattijo da muke kira Baba ya zaro walat ɗinsa zai ba wani yaro kuɗin mota, sai na hango girin kad ɗinsa, wato katin izinin zaman dindindin a Amurka, gefensa duk ya cinye. Na ce, Baba, har yanzu da wannan kake yawo? Ya ce sau biyu ya sabunta shi. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana tuƙa tasi a garin nan, yana biyan haraji, amma bai taɓa neman zama ɗan ƙasa ba. Dalilinsa shi ne yana tsoron kada a ƙwace masa fasfonsa na Najeriya.

Wannan tsoron ya riƙe mutane da yawa, kuma ba shi da tushe. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda wanda aka haifa ɗan Najeriya ya riƙe ƙasa biyu. Amurka ma ba ta karɓe fasfon kowa ranar rantsuwar zama ɗan ƙasa. Abin da ya kamata mu ji tsoro shi ne katin da muke taƙama da shi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mai girin kad ana iya tasa ƙeyarsa idan ya faɗa wani laifi, ba ya zaɓe, ba ya iya ɗauko mahaifiyarsa ko ƙaninsa. Ɗan ƙasa da ya kai shekara 21 yana iya cike wa iyayensa takardu. Yaransa 'yan ƙasa da shekara 18 da ke zaune da shi da girin kad kuwa, ranar da ya yi rantsuwa su ma sun zama 'yan ƙasa.

Sharuɗɗan zama ɗan ƙasa ba ɓoyayyu ba ne. Ka kai shekara 18, ka riƙe katin shekara 5, ko shekara 3 idan kana auren ɗan ƙasa kuma kuna tare. Fom ɗin sunansa N-400, hukumar shige da fice ta USCIS ake tura wa, kuma an yarda ka tura saura kwana 90 wa'adin ya cika. Tun watan Afrilun 2024 kuɗinsa dala 710 ne ta intanet, 760 a takarda, akwai kuma ragi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne zuwa gida. A cikin shekara 5 ɗin nan sai ka yi aƙalla wata 30 ƙafarka na cikin Amurka. Tafiya ɗaya idan ta wuce wata 6, ana ɗauka ka yanke zamanka sai in ka kawo hujja. Idan ta kai shekara, ya yanke. Wani maƙwabcina ya tafi jinyar mahaifiyarsa, Allah Ya ji ƙanta, ya yi wata takwas. Wa zai ga laifinsa? Ni ma da haka zan yi. Amma da zai tafi ya saki ɗakinsa, ya ajiye aiki, bai bar komai da sunansa ba. Ranar ganawa da hukumar kan neman zama ɗan ƙasa, ya ce jami'ar tana buɗe fasfonsa shafi-shafi, tana rubuta ranar fita da ranar shiga, shi kuma ba shi da ko rasiɗin haya da zai nuna. Aka ƙi shi, kuɗinsa ya tafi, lissafin shekaru ya koma kusan farko. Ya faɗa mini wannan a kan matakalar gidanmu, idonsa ya yi ja. Da wani ya gaya masa tun farko ya ci gaba da biyan haya, ya adana takardun haraji da na asibiti, da wataƙila labarin ya sha bamban.

Akwai kuma maganar da ba mu son yi a fili. Fom ɗin yana tambayar aure, kuma dokar ƙasar nan ba ta amince da mace fiye da ɗaya ba, tana ɗaukar hakan a matsayin abin da ke hana samun takardar zama ɗan ƙasa. Wanda yake da iyali a gida da iyali a nan, don Allah ya ga lauyan shige da fice kafin ya sa hannu. Kada ya ɓoye, domin ƙarya a wannan fom tana iya sa a soke takardar ko bayan shekaru. Haka bashin haraji, haka samarin da suka zauna nan tsakanin shekara 18 da 25 ba su yi rajistar soja da doka ta wajabta ba, su ma su ga lauya.

Jarrabawa kuwa, za ka karanta jimla ɗaya da Turanci, ka rubuta ɗaya, sannan tambayoyi kan tarihi da tsarin mulki. Waɗanda suka cike fom daga 20 ga Oktoban 2025 suna karanta tambayoyi 128, a yi musu har 20, su ci 12. A nan ina da kuka da magidanta. Kai ka koyi Turanci a bakin aiki, matarka tana gida da yara shekara da shekaru. Ɗakunan karatu na unguwa suna koyarwa kyauta. Ka riƙe mata yaran awa biyu ta je. Ranar da ta Allah ta kasance a kanka, ita ce za ta tsaya gaban hukuma ita kaɗai.

Na koma wurin Baba na gaya masa cewa shi ma doka ta yi masa sassauci. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya riƙe katin shekara 20, ko ya kai 55 ya riƙe shekara 15, an ɗauke masa Turanci, yana iya zuwa da tafinta ya amsa da Hausa. Shi da ya haura 65, tambayoyi 20 kacal zai karanta. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Da Hausa ka ce?" Na ce da Hausa, Baba. Ya ce in kawo masa tambayoyin Juma'a mai zuwa, in buga su da manyan baƙaƙe saboda idonsa.