Kafin ki ce a sa miki robar mahaifa, ko ki ce ba kya so

'Yan'uwana mata, musamman ku da ba ku daɗe da aure ba, da ku masu goyo da ke kwana da fargabar kwanika, ina so mu yi magana a kan robar mahaifa ta hana ɗaukar ciki, wadda a asibiti ake kira IUD. Abin da ke damuna shi ne, mace za ta shekara biyar tana sayen ƙwayar hana ɗaukar ciki, yau ta sha gobe ta manta, gabanta na faɗuwa duk watan da al'ada ta yi jinkiri, amma da an ambaci roba sai ta ce Allah ya kiyaye, ai an ce bin jiki take yi har ta kai zuciya. Wa ya ce? Wata ce ta ji a bakin wata. Lafiyarki da aljihun gidanku sun fi ƙarfin a yanke musu hukunci da "an ce".

'Yar ƙaramar roba ce mai siffar harafin T, tsayinta bai kai santimita 4 ba, da siririn zare a ƙasanta. Ma'aikaciyar lafiya ke shigar da ita ta bakin mahaifa cikin 'yan mintoci, ba tiyata, ba kwanciya. Iri biyu ce. Akwai wadda aka naɗe da jan ƙarfe, wadda ta fi yaɗuwa ita ce Copper T 380A, tana aiki shekara 10, bincike ma ya nuna tana kaiwa 12. Babu homon a cikinta ko kaɗan, wato sinadarin nan irin na jiki da ake sawa a ƙwaya da allura. Jan ƙarfen ne ke raunana maniyyi ya kasa isa ga ƙwai. Ɗayar kuwa tana sakin homon mai suna levonorgestrel kaɗan-kaɗan, ta kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba. Wadda ake kira Mirena tana cikin irin wannan, kuma a 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a bar ta har shekara 8. Ƙananan irinta shekara 3 ne ko 5. Babban aikinsu duka biyun hana cikin shiga ne tun farko.

To, mu zo ga lissafi, don nan ne da yawanmu muke ruɗar kanmu. Muna kallon abin da za a biya ranar sa roba, mu ga ya fi kuɗin fakitin ƙwaya, sai mu ja da baya. Ki shimfiɗa shekara 10 a gabanki. Mai shan ƙwaya za ta sayi fakiti wajen 130, ta tuna da sha sau 3,650. Mai allurar wata uku-uku za ta je asibiti sau 40, kowane zuwa da kuɗinsa, da wahalar hanya, da aikin da ta bari a gida. Mai robar jan ƙarfe sau ɗaya ta biya, ta koma a duba ta bayan sati 3 zuwa 6, shi ke nan sai in wani abu ya taso. Ga kuma abin da ya fi kuɗin muhimmanci. A yadda mutane ke amfani da su yau da gobe, cikin mata 100 masu ƙwaya kimanin 7 ne ke ɗaukar ciki a shekara, masu allura 4, masu dogaro da kwaroron roba 13. A robar mahaifa ko mace ɗaya ba ta cika ba. Ba wai ƙwayar ce ba ta da kyau ba, ɗan Adam ne mai mantuwa, balle uwar da jariri ya hana ta barci.

Sai dai arahar nan tana da sharaɗi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: sai robar ta zauna. Wadda aka sa wa yau ta je ta cire bayan wata biyu ta yi asarar kuɗinta, ta sha zafin banza, sannan ta fita tana tsorata wasu. Sau da yawa abin da ke sa mace cirewa da wuri abu ne da ya kamata a gaya mata tun kafin ta hau gadon. Mai jan ƙarfe takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman wata 3 zuwa 6 na farko, daga baya yawanci ya lafa. Idan dama ke mai zubar da jini da yawa ce, ko kina fama da ƙarancin jini, ki faɗa da bakinki, kada kunya ta sa ki yi shiru, don wataƙila ba ita ce ta dace da ke ba. Mai homon takan fara da ɗigon jini ba kan ƙa'ida ba, sannan jinin ya ragu sosai, har likitoci na sa ta a matsayin maganin yawan zubar jini. Kusan mace 1 cikin 5 al'adarta kan ɗauke gaba ɗaya bayan shekara. Jinin ba taruwa yake a ciki ba. Shimfiɗar mahaifar ce ba ta yin kauri, don haka babu abin da zai zuba. Mai homon ta fi tsada, gaskiya ne, amma ga wadda jini ke wahalarwa ta cancanci kuɗinta. In kuwa kuna son wani cikin nan da wata shida, ku nemi wata hanyar, roba ta mai dogon zango ce.

Ba zan ɓoye muku haɗarinta ba. Takan fito da kanta a wasu mata ƙalilan cikin 100, galibi a shekarar farko. A kusan sawa 1 cikin 1,000 takan huda bangon mahaifa, wani lokaci ta faɗa cikin ciki a cire ta da aiki. Nan ne iyakar gaskiyar zancen bin jiki, babu hanyar da za ta bi ta je zuciya ko ƙwaƙwalwa. Haɗarin kamuwa da cutar mara ya fi yawa a kwana 20 na farko, kuma mafi yawa ga wadda dama tana ɗauke da ciwon sanyi ba a yi magani ba. Tsoron da ake yi ma yana da asali: a farkon shekarun 1970 wata roba mai suna Dalkon Shield ta jawo wa mata da yawa mummunar cuta a Amurka, aka daina sayar da ita a can a 1974. Na yanzu ƙirarsu daban, zarensu daban.

Saboda haka nake roƙonku, kada neman sauƙi ya kai ku hannun wanda bai koyi aikin ba. Araha ba ta ado. Ƙwararriya za ta tabbatar ba ki da ciki, ta tambaye ki ko kina ganin jinin da ba a san dalilinsa ba, ko fitar ruwa mai wari, ko ƙari a mahaifa, ta auna zurfin mahaifar, ta yi aiki da kayan da aka tsabtace. Wadda ba ta yi miki tambaya ko ɗaya ba, ki tashi ki ɗaura zanenki. Bayan an sa, idan kika ji zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, ko kika taɓa robar kanta ta leƙo, ko kika ga alamun ciki, ki koma a ranar. Ciki a kan roba abu ne mai wuya, amma in ya faru dole a duba ko a wajen mahaifa ya zauna. Kuma ku sani, ba ta kare kowa daga ƙanjamau ko sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Masu tsoron kada ta hana su haihuwa har abada, ku kwantar da hankalinku. Da an cire ta mace na iya ɗaukar ciki a watan, saɓanin allura da kan ja watanni kafin jiki ya dawo daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, don lafiyar uwa da ta yaro. Ana iya sa robar cikin awa 48 da haihuwa, in an wuce haka a jira sati 4, kuma ba ta hana shayarwa.

Ku kuma magidanta, wannan magana taku ce. Ka zauna da iyalinka ku yi shawara, in da hali ka raka ta ka ji bayanin da kunnenka. Idan zaren ya dame ka, ana iya rage shi, ba sai ka matsa mata ta cire ba. Ke kuma 'yar'uwa, ki adana katin da aka rubuta irin robar da ranar da aka sa ta, don shekaru na da saurin shigewa. Ranar da kuka shirya haihuwa, ko wa'adinta ya cika, ki koma asibiti a cire miki. Kada ki ja zaren da hannunki.