Ni da gawar bodari

Tunda labarin ya riga ya kai teburin mai shayi, har an zuba masa gishiri da yaji, gara ku ji shi daga bakina. Ban suma ba. Ban kuma kira sunan mahaifiyata ba. Duk wanda ya ce muku ya ji na kira, ku tambaye shi inda yake tsaye a lokacin, domin duk mai hanci a daren nan ya yi nisan da ko ihu na yi ba zai gane abin da nake faɗa ba.

Kun san kajin Maman yara, waɗanda ta saya da kuɗin adashi. Tun shigowar hunturun nan wani abu ke shiga akurkin cikin dare, yau a tarar da ƙwai a fashe, gobe a nemi ɗan tsako a rasa. Ita ta ce muzuru ne, ni na ce gafiya, yara suka ce aljani. Gidanmu kuwa shi ne na ƙarshe, daga mu sai kangon Alhaji, sai gonaki da duwatsu. Ranar da aka tarar da jar dakwalwar da ake tanadi saboda sunan ƙanwarta an cije ta a ƙeya, aka koma dangwarar mini da kwanon tuwo ba ko sannu. Na ce to, ni da ɓarawon nan sai ɗayanmu ya bar unguwa.

Wajen ƙarfe biyun dare kaji suka ɓarke da kyarkyara. Babu wuta. Na lalubi tocila, na lalubi abin ɗaurawa, hannuna ya faɗa kan zanen Maman yara, na ɗaura. A tsakar gida na ci karo da taɓarya, na sure ta. Ina haska akurki sai ga shi, ɗan abu baƙi wuluk bai ko kai mage ba, da ratsin fari huɗu daga ƙeya har gindin wutsiya, ɗigon fari a goshi da kumatu, wutsiya buzu-buzu. Wallahi kyakkyawa ne. Ya zura ta magudanar ruwa, na buɗe ƙofa na bi shi, na rutsa shi tsakanin katangarmu da bulon Alhaji, na wurga taɓarya. Har gobe ina nan a kan cewa na same shi. Ya kife, ƙafafu a sama, baki a buɗe, ko motsi babu.

Kafin in gama haki jama'a sun taru. Ga 'yan sintiri biyu da babbar tocilarsu, ga malamin Islamiyya ya leƙo da bargo a ka, ga Dakta ƙanin Maman yara da ya sauka a gidanmu saboda sunan, ita kuma tana bakin zaure da yara a bayanta. Sai Baba mai gadin kangon Alhaji. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mutumin da aka daɗe ana dangwarar wa da kwano, in ya samu taro irin wannan ai sai ya yi jawabi. Na gyara ɗaurin zane, na ce wa 'yan sintiri kuɗin da muke biya duk wata ashe ni ya kamata a riƙa ba. Na juya wajen zaure na ce, "To, ina mai cewa muzuru ne? Matso ki gani." Na sunkuya na kama wutsiyar, na ɗaga shi. Bai da nauyi, ba zai wuce kilo guda ba, yana reto a hannuna laƙwas. Na ce wa yaron sintiri ya hasko da kyau. Don kowa ya gani sai na ƙara ɗaga shi, har ya zo daidai fuskata, bayansa na kallona. Na buɗe baki zan ce "Ga ɓarawon kajinku."

Na faɗi "ga". Na faɗi "ɓa". Ina kan "ra", baki a wangame, gawa ta motsa.

Wannan wurin nake ta maimaitawa a raina duk sanda na kwanta. Na ji wutsiyar ta yi tauri a hannuna. Na ga gashin bayansa ya miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ya lanƙwaso wuya ya leƙo ni ta ƙasa, muka haɗa ido, kuma na rantse babu alamar tsoro a idon nan, kallon wanda ya daɗe yana jiran a ba shi dama ne. A cikin wannan ɗan lokacin na yi tunani har kashi biyu: na farko, ashe bai mutu ba, na biyu, bari in rufe baki. Ban kai ga aikata na biyun ba. Ya yi wata ƙara siririya mai huda kunne, na ji tsit, wani abu mai ɗumi da maiƙo ya sauka daga goshina zuwa gemu, rabonsa mafi tsoka kuma ya wuce ciki.

Jama'a, ana cewa wari. Ku samo ruɓaɓɓen ƙwai, da ƙonanniyar taya, da daddawar da aka manta a tukunya shekara guda, a dama su da barkono a ɗura muku ta hanci, to kun kama hanya. Idona ya ɗauki raɗaɗi, duniya ta yi duhu. Na saki bodari, na saki tocila, na kai hannu biyu fuska. Hannun hagun nan kuwa ashe shi ke dafe da zane. Zane ya ce ga garinku nan. Abin da ke ƙarƙashinsa gajeren wando ne da ya kamata a ce ya yi ritaya tun kafin a cire tallafin man fetur a 2023, mai tagogi biyu ta baya. Yaron sintiri ya ruga da gudu, amma saboda tsabar biyayya, tunda na ce ya hasko da kyau, daga can nesa bai ɗauke hasken daga kaina ba. Ina juyi ina tofar da yawu ina laluben zane da ƙafa, haske na bina duk inda na juya. Na ji malamin Islamiyya yana salati cikin bargo, na ji an banko ƙofar zaure, na ji an zura sakata. Daga ciki.

Yanzu Baba mai gadi. Bayan hankalina ya dawo na zauna na jera abubuwan da idona ya gani kafin ya rufe. Tun ina jawabi, tun kafin in sunkuya, tsohon nan ya ja da baya a hankali, ya zaga ta inda iska ke tahowa, ya laɓe bayan bulo, ya ja rawaninsa ya rufe hanci. A lokacin na ɗauka sanyi yake ji. Mutumin da kullum yake cika mu da labarin farautar da ya yi da ƙuruciya, yadda dage ya kori karnukansa shida. Mutumin da wayarsa a gidana ake caji da solata, kokon safe daga gidana, rigar Sallar da ke jikinsa ma kun san ta wa ce. Da gari ya waye na same shi, ya tsaya can nesa. Na ce, "Baba, ka san ba mutuwa ya yi ba?" Ya ce, "Na sani mana, Malam. Bodari ai haka yake, in an rutsa shi ya ga ba mafita sai ya yi likimo. Ko kare ya ɗauke shi a baki ba zai motsa ba, sai ya ga hanya." Na ce to me ya hana ka faɗa mini? Ya gyara tsayuwa ya ce, "Na ga kana jawabi ne. Ba a katse maigida a gaban iyalinsa." Har ya ƙara da cewa shi bai taɓa zaton akwai ɗan Bahaushe mai gemu da bai san bodari ba. Kuma yana wannan magana yana miƙo wa yarona waya a kai caji.

A daren dai a bayan gida na ƙare, tsugune gaban bokitin ruwan randa cikin sanyin nan. Ta taga ake jefo mini kayan aiki: omo, sabulun salo, toka a leda, lemon tsami. Dakta ya jawo kujera ya zauna a bakin tagar, hanci cikin hankici. Kun san shi, tunda ya dawo daga Ingila ba a yin atishawa bai kawo tarihinta ba. Ya ce, "Yaya, ka san mutane suna cewa tusa ce, to ba tusa ba ce. Wasu 'yan jakunkuna ne biyu a gefen duburarsa, ruwa suke tarawa, shi yake fesowa. Kuma da mai yake haɗe, shi ya sa ruwa zalla ba ya fitar da shi." Na ce ya miƙo omo. Ya ce bodari da dage dangi ɗaya ne, kuma suna da 'yan uwa a can Turai, 'yan sirara masu dogon jiki, jajaye-jajaye, ɗaya ma yana kashe zomon da ya ninka shi girma. A wurare masu tsananin sanyi wannan ɗin yakan rikiɗe fari fat da hunturu, sai bakin wutsiya kawai ya rage baƙi, kuma fatarsa ce farin gashin nan mai ɗigon baƙi da ke jikin alkyabbar sarautar Ingila, irin wadda aka gani a bikin naɗin Sarki Charles a 2023. Wato shi ɗan uwan nasa yana kafaɗar sarki, ni kuma ga rabon da na samu daga dangin.

Bai tsaya ba. Wai a shekarun 1880 Turawa sun kwashi wannan dabbar ta Turai sun kai Niyu Zilan don ta rage musu zomaye, ta je ta tarar da tsuntsayen da ba sa tashi, irin su kiwi, ta koma kansu da ƙwansu, har a 2016 gwamnatin ƙasar ta sa wa kanta wa'adin kawar da su kafin 2050. Ya ce saboda haka in yi haƙuri, ƙasa guda ma ta kasa. Sannan bodari yana rage ɓeraye da kunamu da ƙananan macizai, manomi ya kamata ya gode masa. Ina karkarwa, haƙora na haɗuwa, ana ce mini in gode. Daga ƙarshe ya ce a Amurka wanda irin wannan ta samu da ruwan tumatir yake wanka, ko da yake ba wani aiki yake yi ba. Maman yara ta amsa daga ɗaki cewa ko yana aiki ba a kaina za ta ƙarar da kayan miyar suna ba.

Da asuba na sa wankakkun kaya, na juye kwalbar turare, na tafi masallaci a kan cewa komai ya wuce. Liman ya ce a daidaita sahu a toshe ɓaraka, ya maimaita, amma dama da hagu na fili ya rage wanda akuya za ta wuce. Bayan sallama ya ce yana da 'yar tunatarwa, ya kawo hadisin da ya ce wanda ya ci albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci saboda kada ya cutar da mutane. Bai kalle ni ba, bai ambaci suna ba. Masallacin gaba ɗaya ne ya kalle ni a madadinsa.

Sunan dai an yi shi, ni daga soro na yi musu addu'a. Zanen an binne shi, an kuma rubuta mini shi a bashi, atamfa ce wai mai tsada. Kafinta ya zo ya toshe ƙasan akurkin da langa-langa, ya ce ramin da abin ke bi ko hannun yaro ba zai shiga ba. Baba kuwa na sa an gaya masa solar ta lalace. Jiya na shiga ɗakin yara na tarar da wayarsa a jone, har ta cika.